Itacen da Muka Tara wa Baba Lissafi

Kwanan baya matar jikana ta zo taya ni gyaran ɗaki, sai na ji ta yi shiru a gaban kabad. Da na waiwaya na ga ta riƙe wani tsohon littafi da yatsu biyu, nesa da jikinta, kamar wadda ta ɗauko mushen ɓera. Bangon ya koɗe, amma har yanzu ana ganin hoton fure da rubutun Indiyawa a samansa. Ta ce, "Kaka, me wannan yake yi a gidan mai bi? Fastonmu ya ce irin waɗannan ne suke buɗe wa aljanu ƙofa. Ki ba ni in kai a ƙone." Na ce ta ajiye shi inda ta same shi, ta wanke hannu in tana so. Yarinyar kirki ce, tsoro ne kawai aka raine ta da shi, kamar yawancin 'ya'yan yanzu. Amma bayan ta tafi na daɗe a zaune, domin na gane cewa duk waɗanda suka san yadda littafin nan ya shigo hannuna sun riga ni tafiya gida.

Kafanchan da na tashi a ciki, jirgin ƙasa ne yake tashin mutane daga barci. Kafin zakara ya gama shawara, jirgi ya yi kuka daga tasha, kuma daga ƙauyenmu da ke bayan gari muna jin sa sarai. Daga nan sai ƙarar turmi, mata suna surfen acca, sai ƙararrawar majami'a, wadda ba komai ba ce illa guntun ƙarfen dogo da aka rataye a bishiyar mangwaro. Mu 'yan mata mukan tafi rafi da tulu, mu dawo mu share tsakar gida, mu kai wa maza abinci gonar citta, sa'an nan mu ruga makaranta da ƙafafu jiƙe da raɓa. A kasuwa kuwa babu yaren da ba ka ji. Ma'aikatan reluwe daga kudu, Hausawa masu tireda, Fulani masu nono, mu 'yan ƙasa da doya da gwaza, kowa yana karya Hausa yadda bakinsa ya iya, ana fahimtar juna. Yau ciyawa ta cinye dogo, kukan babur ya maye gurbin na jirgi, kuma kafin mutum ya amsa gaisuwarka yana so ya san a wace unguwa kake kwana. Ba na cewa a lokacinmu babu faɗa. Akwai. Amma baƙo yana da daraja, kuma Babana, wanda dattijo ne a ikilisiyarmu, yakan ce duk wanda ya sha ruwan rafinmu ya zama abin tambaya a wuyanmu ranar shari'a.

A cikin baƙin nan akwai Indiyawa da gwamnati ta kawo su koyar a makarantu. Wanda ya koya mini lissafi a kwalejin horon malamai wani siririn dattijo ne, baƙi kamar mu, gashinsa fari fat, kullum alli a goshinsa da gwiwar hannunsa. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka sa masa Baba Lissafi, matarsa kuma Mama Indiya. Ba ya cin nama, ba ya dukan ɗalibi. Idan ka faɗi jarrabawa sai ya kira ka gidansa ranar Asabar, matarsa ta ba ka shayi mai citta da barkono, shi kuma ya zauna da kai har sai lissafin ya shiga. Yaran ƙasarmu da yawa da suka zama malamai da akawu da ma'aikatan asibiti, a kan tabarmarsa suka daina tsoron lamba. Sauran Indiyawa sukan yi 'yan shekaru su koma, shi kuwa ya zauna har ya iya Hausar kasuwa, yana taya tumatir da ita.

Na gama kwaleji, na fara koyarwa a firamare kusa da gidajen malamai, lokacin da yanar ido ta rufe masa gani. Wata rana na biya gaishe su, na tarar da shi a baranda da littafin nan a cinyarsa, yana shafa shafin da tafin hannu. Ya ce, "Malama, ido ya tafi hutu, bai ce ranar dawowa ba." Ya bayyana mini cewa waƙoƙin yabon Allah ne na addininsu. Baitocin ya haddace su tun yana yaro, amma bayanin da ke ƙasa da ƙananan haruffan Turanci, shi ne abincinsa na kowace yamma, matarsa kuwa yaren garinsu kaɗai take karantawa. Ya roƙe ni, da kunya ƙwarai, ko zan riƙa karanta masa shafi ɗaya in na tashi daga aiki. Na ce sai na tambayi Babana. A lokacin 'ya mace, ko tana da albashi, ba ta yanke irin wannan shawara ita kaɗai. Na sami Babana yana gyaran ƙotar fartanya, na faɗa masa komai, har da cewa akwai ɗan gunki na tagulla a kusurwar ɗakinsu. Ya ci gaba da fiƙe itacen. Can ya ce, "Zai sa ki durƙusa wa abin?" Na ce a'a. Ya ce, "To, makaho ne ya roƙi aron ido. Ki ba shi. Ke dai ki san inda gwiwarki take sauka."

Haka muka fara. Kowane shafi kashi uku ne. A sama rubutunsu, haruffan suna rataye a jikin layi kamar wanki a igiya. A tsakiya fassarar Turanci. A ƙasa kuma bayanin wani malaminsu, wanda zai iya cinye rabin shafi a kan kalma ɗaya tak. Baba Lissafi yakan rera baitin da ka, idonsa a rufe, muryarsa tana rawa, sa'an nan ni in karanta fassarar da bayanin. Daga nan sai ya ce, "Yanzu da Hausa." Nan ne nake zufa. Na tuna wani baiti inda mai waƙar yake kai ƙarar zuciyarsa wurin Allah, yana cewa ta ƙi zama wuri ɗaya. Na rasa yadda zan faɗa, sai na ce zuciyarsa akuya ce da ta tsinke igiya ta shiga gonar maƙwabci. Ya yi dariya har tabaransa ya faɗi, ya kira matarsa daga kicin don in maimaita mata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda masu waƙoƙin suke magana da Allah ba tare da tsoro ba. Wani ya yi masa shagwaɓa kamar yaro da uwarsa, wani ya yi fushi don ya kira ba a amsa ba, wani ya ce ba shi da abin kawowa sai hannu wofi. Ni da na saba karanta Maganar Allah da gudu, sura bayan sura, don in ce na gama, a barandar nan na koyi ɗaukar aya ɗaya in zauna da ita har shayi ya huce. Ba duk abin da ke ciki na yarda da shi ba. Da muka zo inda bayanin yake cewa mutum yana mutuwa ya sake dawowa a wani jiki, na rufe littafin na ce, "Baba, wannan kam ban karɓa ba. Mu sau ɗaya muke tafiya, Yesu ya karɓe mu." Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Malama. In na dawo, zan nemo ki in ba ki labari. In ban dawo ba, kin ci gardama." Bai taɓa cewa in bar nawa ba, ni ma na yi masa bishara iyakar iyawata, ya saurara da ladabi kamar yadda yake sauraron ɗalibin da ke allo.

A tsakiyar damina ya rasu, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya. Da na isa gidan da safe, na tarar da Mama Indiya zaune a ƙasa kusa da gawar, ta cire awarwaronta duka, alamar takaba a wurinsu. 'Ya'yansu suna can ƙetaren teku, ko waya aka buga ba za su iso ba. Shugaban kwalejin ya ce za a ba da wuri a maƙabartar gari. Sai ta kama ƙafafuna, abin da ya ba ni kunya, domin ta isa ta haife ni. Da 'yar Hausarta ta ce, "Ba rami. Wuta. Shi ya ce wuta. In an sa shi rami, ni ba iya koma gida, ba iya duba yara." A wurinsu, rashin ƙona gawa kamar a jefar da mutum a daji ne a wurinmu. Shugaban ya samo izinin hukuma, aka aika wa wasu Indiyawa a Jos, amma abu biyu suka gagara: filin da za a yi, da busasshen itace. Ba wanda yake so a ƙone mutum a gonarsa. Itace kuwa, a watan da ruwa ke zuba safe da yamma, ba ya samuwa sai wanda mata suka tara tun rani suka ɓoye a ƙarƙashin rumbu.

Na ruga gida na faɗa wa Babana. Bai ko sha kunun da ke gabansa ba, ya sa aka buga ƙarfe, dattawa suka taru a gindin mangwaro. Ni ina tsaye daga nesa, inda mata ke tsayawa. Fastonmu matashi ne a lokacin, bai daɗe da fitowa daga makarantar tauhidi ba, mutum mai tsoron Allah da gaske. Ya ce, "Baba Dattijo, ina jin tausayin matar nan. Amma mu da muke sa zuciya ga tashin matattu, yaya za mu sa hannu a ƙona jikin mutum? Jiya jiya iyayenmu suka fito daga bautar dodo. In masu rauni suka ga dattawa a wurin, me za su ce?" Wasu suka ce gaskiya ne. Wani tsoho ya ce shi ba tauhidi ne damuwarsa ba, fatalwa ce. Baba ya bari kowa ya gama, sa'an nan ya miƙe. Ya ce, "Fasto, ban yi karatun da ka yi ba, kuma ba zan yi maka gardama a kan Littafi ba. In ni ne na mutu, ku haƙa mini rami. Amma mutumin nan ba namu ba ne a bangaskiya, namu ne a zama. Wa ke nan da ɗansa bai ci shayin gidan nan ba? Yau matarsa ba ta da wa, ba ta da ƙane, sai mu. Ba na ce kowa ya yi addu'arsu ba. Gonata ta bakin rafi tana hutu bana. Na bayar. Wanda yake da itace ya kawo, wanda zuciyarsa ba ta ba shi ba ya zauna, ba laifi." Fasto ya ce shi ba zai hana kowa aikin jinƙai ba, amma duk wanda ya sa baki a cikin sujadarsu, ikilisiya za ta tambaye shi.

Sauran aikin na mata ne, kuma a gidanmu aka fara rigimar. Mamana ta riƙe ƙugu ta ce, "Itacen da na yi rani ina ɗauka a kai har wuyana ya sanƙare, shi zan bayar a gasa mutum? Da me zan dafa muku tuwo har kaka?" Ta yi ta faɗa da yarenmu, tana faɗa tana jawo itacen daga ƙarƙashin rumbu, kirya da marke, masu nauyin nan da take ajiye wa Kirsimeti. Da ta gama ɗaurewa ta ce mini, "Me kike kallo? Ɗora mini." Ta bi gida gida da kayan a kanta, ba ta roƙi kowa ba, tsayawa kawai take yi a ƙofa ta ce, "Matar can ba ta da kowa." Kafin rana ta take, sai ga layin mata a kan hanyar rafi, 'yan zumuntar mata da waɗanda ba sa zuwa majami'a ma, kowace da ɗaurin itace an rufa masa ganyen ayaba saboda yayyafi. Wani Bahaushe mai sayar da yadi a kasuwa ya aiko da farin alawayyo, Bafulatanar da ke kai musu nono ta kawo ƙwaryar man shanu da aka ce ana bukata. Duk wanda ya san abin da busasshen itace yake nufi ga mace a damina, ya san abin da aka bayar ran nan. Makonni bayan haka ƙauyenmu hayaƙin ɗanyen itace ya yi ta sha, idanun mata jawur, tuwo ba ya nuna da wuri.

Indiyawa biyu suka iso daga Jos da la'asar, motarsu duk taɓo. Su suka nuna yadda za a jera itacen, samarinmu suka ɗauko gawar a kafaɗa. A al'adarsu matar ba ta zuwa wurin, don haka kafin mu fita ta miƙo mini littafin, ta buɗe shafin da ya fi so, ta ce muryata ce ya saba ji, in karanta masa ya ji. Na dubi Babana. Ya san abin da Fasto ya faɗa, ni ma na sani. Ya ce, "Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Ke malama ce yanzu." Na karɓa. A bakin rafi babban cikin baƙin ya yi addu'o'insu ya sa wuta. Mutanenmu suka ja da baya, wasu mata suka juya fuska, amma ba wanda ya gudu. Na tsaya inda zafin ke dukan goshina, na karanta fassarar da Turanci. Baitin wani matafiyi ne da ya gaji, yana roƙon Allah ya daina nuna masa hanya, ya sunkuya kawai ya goya shi. Da na kai ƙarshe, sai na ji kamar ana jira, domin kullum a nan yake cewa, "Yanzu da Hausa." Sai na faɗa da Hausa, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Mamana, wadda ta yi rantsuwa ba za ta kalla ba, na ji ta ce amin a bayana. Can nesa a kan tudu na hango Fasto tsaye da laima, bai matso ba, bai kuma tafi ba sai da wutar ta lafa. Shi ne kuma daga baya ya ɗaura akwatin Mama Indiya a kekensa ya tura har tasha, ranar da ta tafi da tokar mijinta a ɗan tulun tagulla, ta bar mini littafin.

Ikilisiya ta tambaye ni, kamar yadda aka ce. Dattawa suka zauna, Baba ya fita waje don maganar 'yarsa ce. Ban yi musu ba, na karanta addu'ar wani addini a bainar jama'a, kuma da aka tambaye ni ko na yi nadama na ce ban yi ba. Aka sa ni a horo. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba, domin in an tsawata musu a wannan majami'a sai su tsallaka titi su shiga wata. A lokacinmu horo yana nufin a cire ki daga ƙungiyar mawaƙa, a hana ki gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji, ki zauna a bencin baya, can bakin ƙofa inda kowa zai wuce ki yana shiga. Ni da nake jan waƙa a gaba tun ina 'yar yarinya. Na yi niyyar in ƙi zuwa, Baba ya ce, "Za ki je. Ikilisiya ta yi aikinta, ke ma kin yi naki. Ba a fushi da gida."

Ran Lahadi na sa farin zanena na tafi da wuri, na zauna a bencin nan ni kaɗai, idona a ƙasa. Ina ganin ƙafafun mutane suna wucewa, wasu su yi sauri, wasu su rage tafiya. Sai ga wasu takalman taya da na sani sun tsaya a gabana. Baba ne, da babbar rigarsa ta sujada. Kujerarsa tana can gaba kusa da bagade, mai hannu, inda ya shekara da shekaru yana zama. Ya ce, "Matsa mini." Na matsa, ya zauna. Fasto ya aiko mai tsaron ƙofa ya raɗa masa cewa shi ba a sa shi a horo ba, kujerarsa tana jiransa. Baba ya ce, "Ta jira. Ni na ba da aron idon nan tun farko." Haka ya yi ta zama tare da ni kowace Lahadi har ranar da aka maido ni, kuma duk lokacin da aka wuce ni da ƙoƙon jibi, shi ma sai ya naɗe hannuwansa.

Amma ranar farkon nan ce ba ta barin zuciyata. Aka ba da lambar waƙa, mawaƙa suka tashi a gaba, wata ta ja waƙar a madadina. Hawaye suna ɗiga a kan zanena. Baba ya buɗe littafin waƙoƙinsa, ya riƙe mana shi a tsakiya. Shi kuwa duk ƙauyen an san bai iya waƙa ba, muryarsa kamar ana jan galma a kan dutse. Ya fara rerawa da iyakar ƙarfinsa, yana kauce wa karin, har yara suna waiwaye suna toshe baki. Ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Ɗaga murya, kada ki bar ni in kunyata mu. Daga nan ma Allah yana ji."

Na share fuskata, na ɗaga.